Bankwana da Kjell-Ove, Katangar Hedsele

Mai girma limamiyar cocinmu, Uwargida Ingegerd Sjölund. Shugaban ƙaramar hukumarmu. Shugabar ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara ta Hedsele da 'yan kwamitinta. Tsofaffin 'yan wasa da na yanzu. Sai ku da rashin nan ya fi girgiza, matarsa Solveig, 'ya'yansa Malin da Jerker, da jikoki. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Börje Hällgren. Ni na tsare ragar Hedsele shekarun da Kjell-Ove Brännvall yake tsaye gabana a matsayin ɗan baya. Solveig ce ta ce in yi magana yau. Na ce mata, "Kin san fa ba ni da baki." Ta ce, "Shi ma ba shi da shi, ai shi ya sa kuka shirya."

Ya kasance ɗan lebura a masana'antar katako, wanda ya koyi gudu da takalman ƙanƙara a kan kogin nan idan ya daskare. Ya kasance ɗan wasan da muka laƙaba wa Katanga, don duk harin da ya nufo raga, jikinsa ne ke fara tare shi. Ranar da faifan da muke bugawa a madadin ƙwallo ya zubar masa da haƙoran gaba, tofar da jini ya yi, ya waiwayo ya ce da ni, "Börje, da ka iya aikinka, da yanzu ina da abin cin nama."

Wata babbar ƙungiya ta kudu ta ɗauke shi, muka raka shi tashar jirgi da kiɗa. A can aka buge shi a ka, ya suma, ya farfaɗo, aka mayar da shi fili a ranar. Aka sake bugunsa. Ya dawo mana bai cika shekara talatin ba, da ciwon kan da bai rabu da shi ba har kabari. Solveig, ke kaɗai kika san ranakun da kike rufe labule da rana tsaka, kina hana yara ko da tari.

Da ya samu sauƙi muka ba shi muƙamin manajan ƙungiya. Ya kasance mai nemo 'yan wasa daga ƙauyukan da ba a san da su ba. Shi ke zama da iyaye a kicin, ya sha kofi, ya yi alkawarin zai kula da ɗansu. In direba bai zo ba, shi ke tuƙa mu.

Sai shekarar da aka rufe masana'antar katako. Gidaje suka fara zama kango, ba abin da ya rage mana na tinƙaho sai ƙungiyar nan, ita ma tana bakin faɗawa rukunin ƙasa. Wasa ɗaya ya rage. Gwanin cin ragarmu, Melker Östlund, ya bugu a ka a wasan da ya gabata. Ina ɗakin canja kaya Kjell-Ove ya shigo ya tarar da shi yana ɗaure takalmi.

Melker ya ce, "Ras nake, Kjell-Ove. Kar ka fara."

Kjell-Ove ya ce, "Yau wace rana?"

Melker ya ce, "Asabar."

Laraba ce.

Kjell-Ove ya ce, "Cire takalman nan."

"Garin nan kaf ni yake jira!"

"Su jira. Mahaifiyarka na yi wa alkawari, ba gari ba."

Muka buga ba Melker, aka cinye mu, muka faɗa rukunin ƙasa. Kun san abin da ya biyo baya. Gari ya yi fushi da Kjell-Ove. In ya shiga kanti a juya masa baya. Kwamiti ya sauke shi. Bai taɓa kare kansa ba, ko a jarida ko a majalisa. Da sanyi ya kewayo, sai ga shi a bakin fili yana wasa wa yara kaifin ƙarfen takalman ƙanƙararsu, kamar ba abin da ya faru. Jerker, Malin, kun sha gori a makaranta a kan abin da ba ku yi ba. Garin nan ya cuce ku, kuma mun sani.

Melker ya daɗe ba ya yi wa Kjell-Ove magana. Daga baya likitocin birni suka duba kansa, suka gaya masa cewa da an ƙara bugunsa a wancan lokacin, da wuya ya tashi. Da aka haifa masa 'ya, ya ɗauko ta ya ƙwanƙwasa ƙofar Kjell-Ove. Melker ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ya kasa, sai ya miƙa masa jaririyar. Kjell-Ove ya karɓa, ya daɗe yana kallonta, ya mayar masa ya ce, "Tallafe mata kai da kyau." Iyakar maganar ke nan. Melker na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa yau da safe.

Ƙungiyarmu ba ta koma rukunin sama ba a rayuwarsa. A shekarunsa na ƙarshe ciwon mantuwa ya cinye shi. Zuwana na ƙarshe bai gane ni ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bawan Allah, yaran sun ci abinci kafin mota ta tashi?" Na ce sun ci. Ya saki ajiyar zuciya, ya rufe ido.

Solveig, kin yi jinyar da ba kowa zai iya ba. Kar ki rufe ƙofa ki zauna ke kaɗai. Muna nan, za mu riƙa zuwa har ki gaji da mu.

Muna godiya ga ma'aikatan gidan jinya, da matan da suka dafa mana abincin nan, da duk wanda ya taso daga nesa cikin wannan sanyi.

Ya Ubangiji, ga bawanka Kjell-Ove. Ya sha wuya, ya yi shiru. Ka karɓe shi da jinƙai, ka ba shi hutu, ka sanyaya zukatan iyalinsa. Ka tsare mana 'ya'yan da muke turawa fili, ka dawo da kowannensu gida da ƙafarsa. Amin.