Lambar Kakana, Sunan Wansa

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da yayyena da ƙannena! Haba, ku ce Amin da ƙarfi mana, sanyin London bai kai ya daskarar da baki ba!

Sunana Rahila. Mama Saratu mai ba da waƙa gwaggota ce, a flat ɗinta nake zaune a Tottenham, ina shekara ta biyu a karatun lauya. Fasto ya ce minti biyar. Fasto, ka yafe mini tun yanzu.

Ciwon da Ubangiji ya warkar mini ba ya fitowa a hoton asibiti. Sunansa zargi. A makaranta CID suke ce mini, wato 'yar sandan ciki. Mutum ya gaishe ni a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai na taɓa jakata. Wasiƙa ta zo daga council, sai na ɗaga ta a haske in gani ko ta jabu ce. Kun san zamanin da muke ciki, ko'ina ka juya labarin 'yan 419 ne, to ni sai na mai da kowa ɗan damfara har sai ya kawo shaida. Ina ganin wayewa ce. Ashe ciwo ne.

Kakana, Baba Iliya, yana Bukuru. Tun muna yara labarinsa ɗaya ne, yaƙin Burma. Wai wata rana suna haye kogi Japanawa suka buɗe musu wuta, aka harbi hafsansu Bature, shi ya goya shi har gaɓa, a nan harsashi ya tafi da yatsunsa biyu na hagu. Wai hafsan ya ce za a rubuta masa minda, wato lambar yabon da ake maƙala wa jarumi a ƙirji. Yaƙi ya ƙare, aka sallame su, minda shiru. Littafin sallamarsa kuma gara ta cinye.

Su kuwa mutanen unguwa ba su yarda ba. Bayan yaƙi ne Baba ya baro ƙauyenmu na Tudu ya zo aikin kuza, ba wanda ya san shi kafin nan. Sai suka ce ai injin kuza ne ya datse yatsun. In ya fito, samari su ƙame suna dariya: “Janar na Burma, ina mindar?”

Ranar da zan taho ya riƙe ni da hannun nan mai yatsu uku, ya ce, “Rahila, ƙasar Sarauniya za ki. Ki tambayo mini mindata. Ba don in ci ba. Ina so kafin a sa ni a rami a san ban yi ƙarya ba.” Ya karanto mini lambarsa ta soja da ka, na rubuta a bayan ambulan.

Ina sauka na shiga ɗakin kwamfuta na makaranta. Kun san ni da typing, kafin ka ce kwabo na gama wasiƙa. Na yi posting zuwa ofishin da ke ajiye takardun tsofaffin sojoji. Bayan wata biyu amsa ta zo.

Suka ce lambar gaskiya ce. Akwai minda a kanta, an amince da ita, ba a taɓa karɓa ba. Amma mai lambar ba Iliya ba ne. Sunansa Bawa Tudu.

Jama'a, Bawa wan kakana ne! Ya rasu tun ba a haife ni ba.

Nan take CID ta tashi aiki. Na ce shi ke nan, case closed. Wan ne ya je yaƙi, ya mutu, ƙanin ya haddace lambarsa ya gaje labarin. Ashe samarin unguwa sun fi ni wayo. Tsohon da ya koya mini addu'a, tsohon da yake zama a benci na gaba a majami'a, ashe duk zuƙi-ta-malle ce! Na naɗe wasiƙar na cusa cikin littafin karatu. Ko Gwaggo ban nuna wa ba, don har ita na fara zargin da bakinta a ciki. In ta tambaya sai in ce, “Ba su yi reply ba tukuna.” Wata takwas ina wannan. Mai farautar maƙaryata ta zama babbarsu.

To akwai wani tsoho, Alhaji Sumaila, mutumin Ghana, yana zama a shagon ɗansa inda muke sayen doya da manja. Gwaggo ta ba shi labarin minda, shi kuma ya ce ai shi ma ya yi Burma. Duk ranar da na shiga sai ya tare ni da irin Hausarsu ta zango, wadda mace ma kai ce: “Kai yarinya, Bature ya amsa? Kawo takarda in gani.”

A raina na ce, tab! Ga wani kuma. London kowa tsohon soja ne. So yake ya ga lambar, gobe in ji an karɓi minda a Kumasi. Sai in yi masa murmushin ƙarya in ɗauki doyata. Har na koma sayayya Lewisham, tafiya mai nisa, don kawai kada in gan shi.

Ana nan wani ɗan'uwa ya dawo daga gida ya kawo kaset. Ran Asabar da safe na tafi launderette, shagon injinan wanki, da kayana, na sa kaset ɗin a kunne. Kowa ya yi gaisuwarsa, sai aka ce ga Baba. Da ƙyar na gane muryar, tari ya cinye ta. Ya ce, “Rahila, jikin ya ƙi. Bature bai ce kome ba har yanzu? To, ba kome. Ki ci gaba da karatu. Allah ya sani.”

Allah ya sani. 'Yan'uwa, kalmar nan ta bi ni kamar allura. Injin yana juya kaya. Na sunkuyar da kai a bencin nan, wata Baturiya tana kallona, na ce, “Ya Yesu, ni ban sani ba. Na yanke wa tsohon nan hukunci ban ji ta bakinsa ba, ni da ake koya wa cewa ko ɓarawo sai an saurare shi. In ƙarya yake, ka ba ni zuciyar da zan ƙaunace shi haka. In gaskiya yake, kada ka ɗauke shi sai ka wanke shi. Ni kuma ka cire mini wannan abin daga ƙirji, na gaji.”

Ban ji murya daga sama ba. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne: je ki wurin tsohon da kike gudu.

Na ce, “Ubangiji, ɗan 419 ɗin?” Amma na tafi, da jiƙaƙƙen wanki a leda.

Na miƙa wa Alhaji wasiƙar, amma ban saki gefenta ba. Ya ce, “Saki mana, ba zan ci ba.” Na karanta masa, na fassara. Sai tsohon nan ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

“Wannan ne ya hana ka barci? Ni da kake gani, a soja sunana Musa Kumasi. Ubana bai taɓa jin wannan Musa ba. Lokacin nan wa ya shiga da sunansa? Abin da magatakarda ya rubuta, shi ke nan. Kai tambayi kakanka suna da saje yake kira a fareti. Kuma ka rubuta wa Bature ya duba takardar likita. Suna yana ƙarya, tabo ba ya ƙarya.”

Ya naɗe hannun riga ya nuna mini nasa tabon, dogo, tun daga gwiwar hannu. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage.

Gidanmu na Bukuru ba waya, sai gidan Fastonsu. Na aika a kawo Baba ran Laraba da rana, na sayi phone card, na shiga akwatin waya a bakin titi.

“Baba, ina wuni? Tambaya ɗaya zan yi. Wane suna saje yake kiranka da shi?”

Tari ya sarƙe shi. Kati yana ta ci.

“Wa ya aiko ki?”

“Ba kowa, Baba.”

“Akwai Bature kusa da ke? Yana ji?”

“Ni kaɗai ce, sai tattabaru.”

“Rahila, in na faɗa, za su kama ni?”

Kun ji inda na gado abin!

Na rantse masa ba mai kama shi. Sai ya sassauta murya ya ce, lokacin yaƙi an sa dagacin Tudu ya kawo samari, sunan Bawa aka karanto daga takardar haraji. Bawa kuwa matarsa tana da tsohon ciki, kuma shi ke riƙe da gona. Sai mahaifinsu ya kira ƙaramin ya ce, “Kai za ka je. In an kira Bawa, ka amsa.” Ya sa shi ya yi alkawari ba zai taɓa faɗa wa kowa ba, don an ce in Bature ya gane, dukansu gidan yari. Ko kakata ta mutu ba ta sani ba.

Na ce, “To Baba, da ka aike ni, me ya sa ba ka gaya mini ba?”

Ya ce, “Na ɗauka lamba ta isa. Ai lambar ni na sha rana da ita.”

Shekara hamsin! Ya yarda yara su kira shi maƙaryaci a kan ya karya maganar ubansa. Ni kuma wata takwas kacal na sayar da shi. Na yi kuka a akwatin nan har wani ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko lafiya.

Ran nan na faɗa wa Gwaggo kome. Ta ce, “Ke 'yar nan, da kin tambaye ni! Baba Bawa ai makaɗin molo ne, da yatsunsa goma aka binne shi.” Ga shaida muna cin tuwo a kwano ɗaya, ni ina can ina zarginta.

Kada ku ce daga nan abin ya zo da sauƙi. Su ma mutanen ofis CID ne. Sun ga wasiƙa daga 'yar Najeriya tana so a canja suna a takarda, me kuke tsammani? Na ɗanɗani irin abin da nake yi wa mutane, ba daɗi. Suka ce a kawo rantsuwar kotu. Aka kai Baba kotu a Jos, yana ta waige ko 'yan sanda na biye da shi. Suka ce a kawo takardar likita a kan hannun. Aka kawo. Suka ce hoto. Aka kawo. Duk wasiƙar da ta zo sai in kai wa Alhaji, ya ce, “Kada ka gaji, Bature yana son takarda kamar akuya da dusa.” Ku kuma Zumuntar Mata kuka riƙe mu da addu'a, Allah ya saka muku.

Da suka buɗe takardar likitan soja, ga shi a rubuce: rauni a hannun hagu, yatsu biyu. A ƙasan takardar shiga soja kuma akwai dangwalen babban yatsa, don Baba bai iya rubutu ba a lokacin. Suka ce ya dangwala sabo a aiko. Aka gwada.

Shi ne! Haleluya! Ku tafa wa Yesu mana!

Suka gyara takarda: Iliya, wanda ya yi aikin soja da sunan Bawa Tudu. Minda ta zo a ɗan akwati. Gwaggo ta kai ta gida da kanta, ba mu yarda da posting ba. To, wannan ba zargi ba ne, hankali ne!

Na haɗa ta da wasiƙa, na faɗa wa Baba gaskiya, cewa na ɓoye amsar wata takwas don na ɗauke shi maƙaryaci, ya gafarta mini. Na kuma kai wa Alhaji goro na roƙe shi gafara. Ya ce, “CID, ka gama bincike? Dawo ka sayi doya wurinmu, na Lewisham ba kyau.”

Makon jiya Gwaggo ta dawo da kaset. An maƙala wa Baba mindar a majami'a, gaban kowa, har da samarin nan masu ƙamewa, wannan karon ba dariya. Ga abin da ya ce mini: “Rahila, kin zarge ni wata takwas, ni na zargi Bature shekara hamsin. Jini ɗaya ne. Na yafe, ke ma ki yafe wa kanki.”

Sai na ji ya ce wa Fastonsu, “Kira ni. Yadda saje yake yi. Amma da nawa.”

Faston nasu ya karanto lambar, ya ce, “Iliya!”

Tsohon nan da tari ya cinye wa murya, ya amsa har kaset yana rawa: “Sah!”

'Yan'uwa, na gode wa Ubangiji da ya bar shi da rai har ya amsa sunansa. Na gode masa da ya cire mini dutsen da na ɗauka wayo ne. In akwai wanda ka riga ka yanke wa hukunci a zuciyarka, je ka tambaye shi tun yana da bakin amsawa. In kuma kai ne aka rubuta ba daidai ba, aka ƙi yarda da kai, kada ka karaya, ka dogara ga Yesu. Shi bai taɓa kiran kowa da sunan wani ba.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Fasto, ga makirufonka. Amin!