Ranar da na kushe shawarar Oga a gabansa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Talatu mai ƙosai daga Tungan Maje.

Wata ƙungiyar haƙa rijiyar burtsatse ce ta sa ni a kwamitin amintattunta. Shugabanmu tsohon babban sakatare ne, kuma ƙa'idarsa shi ne na ƙarshen magana, don kada kowa ya ce "yadda Oga ya ce."

Ran nan a Abuja aka kawo shawarar haƙa rijiyar garinmu a ƙofar gidan mai unguwa. Ni aka fara tambaya. Na ce nan majalisar maza take, matar aure ba za ta je ba, kuma wanda ya zaɓi wurin nan bai taɓa ɗaukar bokiti ba.

Sai Oga ya miƙe ya ce, "Hajiya, ni na zaɓa, kuma gaskiyarki, ban taɓa ɗauka ba." Wallahi shi ya fara ɗaga hannu a canza wuri!

Ina gaida matan layinmu, masu ɗiban ruwa yanzu hankali kwance. Sauran manyan Abuja, a cikinku wa zai iya haka?