Kunnen Lorna na Dama

Kafin gaisuwa, ga gargaɗi. Duk wanda ya zo da zaton zan yabi kiɗan rok yau, to ya cire rai. Ku kuma masu dogon gashi a can baya, ku ajiye kofunan nan ku saurara.

Shugabar taro, Madam Hepworth. Masu kula da wannan zaure. Makaɗa, masu jita da masu ganga. Maƙwabtana da sauran jama'ar Sheffield, barkanku da zuwa. Na gode da kuka ba tsohuwa damar magana a ranar da aka baje hotunan da 'yata Lorna ta ɗauka cikin shekara ashirin da biyar. Hoto tamanin! Bango huɗu, duk nata!

Da farko, ban so aikin nan nata na ɗaukar hoton makaɗa ba, kuma ban ɓoye ba. Amma ku sani, tsawon waƙa uku kacal ake ba mai hoto a gaban dandamali, ba a yarda ya haska fitilar kyamara ba, daga nan a kore shi. Cikin waƙa ukun nan ta kama wancan mai jitar a sama, ƙafarsa ko ɗaya ba ta ƙasa. Ku dube shi! 'Yata ce ta ɗauka!

Na biyu, ina da laifi, kuma a gabanku zan faɗa. Shekara uku ina yi mata faɗa a kan raini. In kira ta, shiru. In ce ta miƙo gishiri, shiru. Wata Lahadi muna cin gasasshen nama, na buga tebur na ce, "Tun da kika fara bin ƙazaman makaɗan nan kika daina jin maganata!"

Ta ce, "Mama, in dankali za ki ba ni, ki zo ta dama. In wa'azi ne, tsaya ta hagu, can ba ya shiga."

Na ɗauka rashin kunya ce. Ashe kunnen hagun ya mutu, don shi take juya wa lasifika kullum in tana aiki. Likita ya ce na daman ma ya kama hanya, in ba ta riƙa toshe shi ba.

Ta ce, "Mama, a wurinmu dariya ake yi wa mai toshe kunne."

Na ce, "Su yi dariyar. Ni so nake ki ji ta."

Allah ya albarkaci wannan taro, ya ƙara wa Lorna kaifin ido, ya tsare mata kunnen da ya rage, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ga kuma dokar gidana daga yau. Lorna ce, makaɗi ne, ko wane ne, ba mai zama a teburina ranar Lahadi sai ya nuna mini abin toshe kunnensa tun a bakin ƙofa. Wanda ba shi da shi ya koma da yunwarsa.

Na gode.