Ƙwayar da Inna ta gani a hannuna

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Ni tela ne a Ƙaura Namoda, don Allah a sakaya sunana.

Shekara bakwai ke nan rabona da tiramol da kodin. Ranar da na bari, na dafa Alƙur'ani gaban mahaifiyata, Inna, cewa ba ni ƙara haɗiyar ƙwaya. Abin da ba ta sani ba, ina ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, kullum da safe ina shan maganin asibiti a ɓoye.

Makon jiya na je gaishe ta a Zurmi, na kwana. Da safe ta shigo mini da kunu, ta iske ni da ƙwaya a tafin hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta aje kwanon, ta ce, "Ashe ka koma, ɗan nan." Har na taho ba ta sake duban fuskata ba.

In na yi shiru, za ta zauna da cewa na ci rantsuwa. In na faɗa, tsohuwa ce mai hawan jini. Masu sauraro, ku ba ni shawara: wane baƙin cikin zan bar wa Inna?