Tabon Ɗorawa a Idon Mazan Gidanmu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, iyayena mata da 'yan'uwana na zumunta. Sunana Saratu, daga wani ƙauye a bayan garin Fulatan. Idan muryata ta sarƙe ku yi mini haƙuri.

Gidan da aka kai ni aure, mazansu suna da wani tabo a fatar ido, ruwan ɗorawa, kamar kunu ya ɗiga ya bushe. Wasu har da ƙulli a agarar ƙafa. Alfahari ake yi da shi! Yaro ya zama saurayi tabon ya fito, sai surukata ta rangaɗa guɗa ta ce, "Wannan jininmu ne, ba tantama." Wadda bai fito wa ɗanta ba kuwa, ta shiga uku da habaici.

Amma mazan gidan ba sa tsufa. Uban mijina ban same shi da rai ba. Wan mijina a kasuwar Rogo ya yanke jiki ya faɗi. Maigidana kuwa, yana cikin huɗar dawa ya dafe ƙirji ya zauna a kan kunya. Ina tafe da abinci a ka. Kafin in sauke ƙwaryar, ya cika. Ko furfura bai yi ba!

Ya bar mini mata uku da namiji ɗaya, autana Dauda. Shi ma ga tabon a idonsa.

Dauda ya kai munzalin aure, sai ya fara cewa, "Mama, idan na hau tudu da keke, ƙirjina kamar an ɗora mini dutsen niƙa." Wayyo Allah! Abin da ubansa ya riƙa faɗa ke nan.

Kun san yadda muke yi a wajenmu. Namiji ya ce ƙirji, sai a ce ƙarfi ne ya ƙare, a yi masa kiwo. Maƙwabciyata Hajjo, Bafulatana, mutuniyar kirki, kullum sai ta aiko da man shanu, ko sisi ba ta karɓa. A tuwo man shanu, a kunu man shanu, ga ƙwai, ga kitsen rago ranar kasuwa. Haka muka yi wa ubansa, haka muka yi masa. Yaro yana ci, ciwo yana ƙaruwa.

Sai ga Baba Tanko, ƙanen kakan Dauda, wanda shi tabon bai fito masa ba, kuma har yau bai bar tsafi ba. Ya ce, "Saratu, iskokin gida ne suke karɓar hakkinsu tun da kuka bi addinin majami'a. Ki kawo baƙin bunsuru, ko ki shirya wani kabarin."

Na ce, "Baba, da kuke yanka musu, ba a mutuwa ne?" Bakina ne kawai ya faɗa. Ko barci ba na iyawa.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi, na durƙusa a majami'a ni kaɗai. Ba addu'a mai daɗi na yi ba, faɗa na yi. Na ce, "Ubangiji, me na yi maka? Ka ɗauke uban, yanzu ɗan kake so? In kashe shi za ka yi, to ko sunan abin da ke cinye su ka faɗa mini!"

Ba a jima ba aka yi taron zumuntar mata a Karaye. Dauda ya kai ni a keke. Wata baƙuwa daga Zariya, Mama Rifkatu, ma'aikaciyar asibiti ce, ta tsura masa ido yana gaishe ta. Ta ce, "Baiwar Allah, tun yaushe yake da wannan a ido?"

Na ce, "Ai alamar gidansu ce."

Ta ce, "Mazan gidan suna daɗewa?"

Sai na fashe da kuka.

Ita ta kai mu babban asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ya ce, "Mama, kitse ne ya yi yawa a jininsa, kolestarol muke ce masa. Gadonsa ya yi. Yana taruwa a hanyoyin jini har ya toshe wa zuciya. Tabon nan shi ne yake nuna kansa a waje."

Jama'a, abin da muke yi wa guɗa ke nan!

Na ce, "Man shanun fa?" Ya ce a daina, ƙara masa yake yi, amma ko bai taɓa ci ba ciwon yana jikinsa. Na ce, "Zai warke?" Ya sunkuyar da kai. Ya ce ba a warkewa, sai dai a rage shi da magani da kiyaye abinci. Ya ce 'yan'uwansa mata ma a gwada su, da 'ya'yansu.

Hajjo da ta ji, zama ta yi a ƙasa tana salati tana kuka. Ni na koma ina lallashinta.

Kada ku ce na zo in gaya muku Dauda ya warke. Bai warke ba. Maganin wani wata mu samu, wani wata babu shi ko a Kano. Babbar 'yata an gwada ta, ita ma tana da shi. Idan Dauda ya fita gona ya daɗe, sai in tsaya a ƙofar gida ina duban hanya.

Amma ban yanka bunsuru ba, kuma ba ma tafiya a duhu. Na roƙi suna, Ubangiji ya ba ni. Haleluya!

Wadda take da irin wannan a gidanta, ta kai su a duba jini, kada ta tsaya jira. Ku riƙe Yesu ko da kuka ne, ko da faɗa ne, yana ji.

Na gode wa Allah. Yau da safe na buga ƙofar ɗakin Dauda, ya amsa.