Kibiyar da Na Juya Gabas

Mai girma shugaban taro, wakilin Hakimi, limamai da malamai, dagatai da masu unguwanni, iyayenmu mata, jama'ar Saulawa da baƙinmu na Makarfi da Kudan, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba mai gadi damar tsayawa inda manya ke tsayawa. Sunana Maiwada, kuma kunya ce ta tashe ni, ba iya magana ba.

Na farko, ku tuna da Malam Iliyasu, ɗanmu da ya yi karatun duwatsu. Shekarar samun mulkin kai ya gina ɗaki a gindin dutsenmu, ya ajiye na'ura mai jin girgizar ƙasa ta nesa, ya kife ta da akwati, ya ɗauke ni gadi. Ya ce mini: "Baba, dutsen da ke can ƙarƙashinmu yana da jijiya kamar itace. Girgiza takan yi sauri in ta bi jijiyar, takan yi nawa in ta gitta ta. Da haka za mu san ta wace fuska ƙasa ta matsu har duwatsun nan suka taso." Na ce to, ban tambayi komai ba.

Na biyu, abin da na aikata. Gara ta shiga ɗakin, na sa matata Lantana ta yi sabon daɓe. Da na ɗaga akwatin, sai na ga kibiya a jikin na'urar tana duban arewa. Ni tun da nake, ban san wata alama a ɗaki ba sai ta alƙibla. Na ce boko ya mantar da Malam Iliyasu alƙibla, na juya na'urar, kibiyar ta dubi gabas, har ina murna na rufa masa asiri.

Na uku shi ne mai nauyi. Wata tara yana ɗibar takardun na'urar, bai san an taɓa ta ba. Manyansa na wurin aiki suka ce sakamakonsa ya saɓa wa na kowa, bai san aikinsa ba, suka sallame shi. Da na tuna maganarsa ta sanin fuskar da ƙasa ta matsu, na gane ni ne sanadi, sai na lallaɓa na mayar da kibiyar arewa, na yi shiru. Shekara biyu ina gaisawa da mahaifinsa a masallaci, shekara biyu ina cin tuwon sunan 'ya'yansa, bakina a rufe.

Saboda haka ina roƙon shugaba, a rubuta maganata yau, in dangwala yatsa, a aika wa waɗanda suka kore shi. Malam Iliyasu, ga ka can a baya. Aikinka daidai yake, hannuna ne ya ɓata shi.

Allah Ya mayar masa da aikinsa, Ya yafe mini, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.