Garken da Aka Ƙona a Kurugu

Da sunan Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah gafarta Liman, malamanmu, abokan aikin marigayi da suka taso daga Kano, Baba Zubair mahaifinsa, Ummu Habiba mai ɗakinsa, jama'a, assalamu alaikum.

Sunana Awaisu, malamin makaranta a nan Karaye. Benci ɗaya muka zauna da Dakta Lukumanu a firamare. An ce in yi jawabi mai sanyaya zuciya. A yi mini haƙuri, ba shi na zo da shi ba.

Ya kasance likitan dabbobi, amma ƙashin ƙafar tunkiya ya duƙufa a kai. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ƙwaurin tunkiya yana ɗaukar nauyi kusan kamar namu, shi ya sa kafin a ɗaura wa mutum ƙarfe a karaya, a jikinta ake fara gwadawa. Awon da ke littattafai kuwa na tumakin Turai ne. Shi na balami da uda yake son sani: tsawo, kauri, faɗin kogon ɓargo, da inda sukuru zai kama ba tare da ya tsaga ƙashi ba.

Ya kasance yana bin mahauta a Rogo Sabon Gari yana karɓar ƙafafu, ana yi masa dariya, yana gaishe da masu dariyar. Ya kasance idan ɗan wani ya faɗi a babur, shi ke ɗaukarsa zuwa asibiti a Kano. Alhaji Bappa, ɗanka Ƙasimu ma shi ya kai shi, ga shi da ƙafarsa ya shigo wurin nan yau.

Da ya kafa garke a Kurugu, ya sa wa tumaki ƙarfe yana jinyarsu, sai magana ta tashi. Wai gubar Turawa ce, naman zai hana haihuwa. Wai tsafi ne. Allah gafarta Liman, an roƙe ka ka yi bayani a huɗuba, ka ce lokaci bai yi ba. Wata Juma'a bayan an sauko, rana tsaka, samari suka cinna wa garken wuta. Ƙafafun tumakin a ɗaure suke, ba wadda ta iya gudu.

Na ce mu je wurin 'yan sanda, ya ƙi. Ya ce, "Awaisu, 'ya'yan maƙwabta ne. Waɗanda suka aiko su nake so su kalle ni."

Ba su kalle shi ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Kano, ya faro aikin daga tushe, hawan jini ya kayar da shi bai kammala ba. Yau ga masu aiken a sahun gaba, hula a karkace, suna share ido. Mun san ku. Garin nan ƙarami ne.

Baba, ka haifi ɗa, mu ne ba mu iya riƙe shi ba. Ummu Habiba, kin ba ni saƙo da safe, zan isar kamar yadda kika faɗa: shi ya yafe tun yana raye, ke ba ki yafe ba tukuna, kuma ƙofar gidan Baba a Unguwar Hajji a buɗe take ga mai son ya zo da bakinsa.

Mun gode wa duk wanda ya zo don Allah. Allah Ya jiƙan Lukumanu, Ya yalwata kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Wanda ke da hakkinsa a wuya, Allah Ya hana shi barci har sai ya sauke. Amin.